Ina aka kwana a binciken lidar, kuma ina aka dosa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a fannin safiyo da zanen taswira, kullum sai na ji ana lidar lidar. Don Allah wane ci gaba aka samu a 'yan shekarun nan, kuma ina abin ya dosa?

Amsa: Yawwa ɗan uwa, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Asalin aikin dai ba sabo ba ne, tun shekarun 1960 ake yinsa: a harba hasken leza, ya bugi abu ya dawo, na'ura ta lissafa lokacin da ya ɗauka, tunda haske na gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya shikenan an san nisa.

Abin da ya canza sosai shi ne idon na'urar. Ɗauki tauraron ICESat-2 da NASA ta harba a Satumban 2018, yana harba koren haske sau 10,000 a kowane sakan, kuma cikin tiriliyoyin ƙwayoyin hasken da ke fita a harbi ɗaya 'yan ƙalilan ne ke dawowa, amma yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, da su ake auna yadda ƙanƙarar Girinlan da Antatika ke zaizayewa. Wallahi har yau abin yana burge ni. Don ƙanƙara aka ƙera shi fa, sai ga shi yana hango ƙasan teku a inda ruwa yake garau kuma ba zurfi sosai.

Sai GEDI, wata na'urar lidar ta NASA, da aka kai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Disamban 2018. Shi daji yake aunawa. Hasken ya sauka a fili mai faɗin mita 25, wani ya dawo daga kan bishiya, wani daga rassa, na ƙarshe ya kutsa tsakanin ganye ya taɓo ƙasa, daga nan a fitar da tsayin dajin da kabon ɗin da ya ajiye. Wannan kutsawar ce ta sa a 2018 aka sanar da gano gine-ginen Mayawa, tsoffin mutanen yankin Amurka ta Tsakiya, sama da 60,000 ƙarƙashin kurmin Guatemala, da lidar na jirgin sama.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Lidar na sararin samaniya ba hoto cikakke yake ba ka ba, ɗigo-ɗigo ne a kan layi, tsakaninsu kuma wayam, ga shi gajimare mai kauri yana tare shi. Shi ya sa a ganina gaba tana wajen haɗa shi da rada (radar), mai harba igiyar rediyo maimakon haske, wadda ita ba ruwanta da gajimare. Taurarin rada na Biomass na Turai da NISAR na Amurka da Indiya duk sun tashi a 2025, lidar ya ba da ma'auni na gaskiya a 'yan wurare, ƙirƙirarriyar basira ta koya daga nan ta cike sauran da hoton rada. Ana kuma ta aiki kan auna iska, tauraron Aeolus na Turai ya nuna ana iyawa tsakanin 2018 da 2023, da kuma ƙananan na'urorin lidar marasa sassa masu juyawa da jirgi marar matuƙi zai iya ɗauka.

Bayanan GEDI da ICESat-2 kyauta ne a intanet. Sauke na wani daji guda, ka zauna ka koyi raba ɗigon ƙasa da na ganye da hannunka kafin ka miƙa wa manhaja.