Shin yi wa mai wa'azi tambaya taɓa shafaffen Allah ne?

Tambaya: Malam, ina shekara ta biyu a makarantar tauhidi. Mai wa'azinmu ya fassara wata aya ba tare da duba abin da ke gabanta da bayanta ba. Bayan an tashi sujada na tambaye shi a keɓe cikin ladabi, sai ya ja mini Zabura 105:15, ayar da ta ce kada a taɓa shafaffun Allah, wato waɗanda ya keɓe wa kansa, wai na taɓa shafaffen Allah. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Na jawo wa kaina la'ana ne?

Amsa: 'Yar'uwata, kwantar da hankalinki, babu la'anar da ta hau kanki.

Buɗe zaburar, ki fara daga aya ta 8. Maganar alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi masu yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. Aya ta 14 ta ce saboda su ya tsawata wa sarakuna. Ki tuna Fir'auna a Farawa 12 da Abimelek a Farawa 20. Masu iko aka ja wa kunne kada su cuci marasa ƙarfi. Yau kuma sai mai riƙe da mumbari ya juya ayar yana razana ɗaliba da ita!

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kullum ina cin karo da shi. A tambayi mutum ina kuɗin baikon ikilisiya suka shiga, ya jawo ayar. A ce annabcinsa bai cika ba, ya jawo ta. Na ga masu bi da suka yi shekaru suna rufe baki a kan ɓarnar da suka gani da idonsu, saboda tsoron aya guda da ba su taɓa karanta surarta ba. Wasu sukan kawo Dawuda a 1 Sama'ila 24. To, ya ƙi kashe sarki Saul a kogo don shi shafaffen Allah ne, amma da ya fito, ya ɗaga gefen rigar da ya yanko, ya faɗa wa sarki laifinsa ƙiri-ƙiri. Annabi Natan ya tsaya gaban sarki Dawuda ya faɗa masa zunubinsa. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Mutanen Biriya kuwa kowace rana suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, Luka kuma ya yaba musu a Ayyukan Manzanni 17:11. In manzo ya yarda a auna wa'azinsa, wane ne mu?

Ba lasisin tsegumi nake ba ki ba. 1 Timoti 5:19 ta hana karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Amma ke tambaya kika yi, ba ƙara ba. Ki koma wurinsa da Littafi Mai Tsarki a buɗe, in ya sake yi miki barazana ki kai maganar gaban dattawan ikilisiya. Ku kuma abokan aikina masu wa'azi, ku ji tsoron Allah: Yakubu 3:1 ta ce mu masu koyarwa za a yi mana shari'a mafi tsanani.