Amsa kan tsatsar shasin tsohuwar Hilux

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manyanmu da ke cikin wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Wannan amsa ce ga ƙanenmu na unguwar Garin Malam a Damagaram, wanda ya turo hotunan tsohuwar Hilux ɗin da mahaifinsa ya bar masa, Allah ya jiƙansa da rahama, yana tambaya ko zai iya kankare tsatsar da ta fito a shasin, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikin motar, ya shafa baƙin fenti a gida, tun da motar za ta ci gaba da jigilar kaya tsakanin Damagaram da Gure.

Ƙanena, aikin yana yiwuwa a gida, amma fenti shi ne na ƙarshe a cikinsa, kuma idan ka fara da shi ka rufe wa kanka ido ne kawai. Shasin Hilux ƙarfe ne rufaffe ta fuskoki huɗu, cikinsa rami ne, saboda haka tsatsar da ta fi cutar da shi daga ciki take cin sa tana fitowa waje. Wurin da ka zagaye a hoto na biyu, kusa da inda lam ɗin baya, wato faifayen ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota a kan taya, ke rataye, na ga ƙarfen ya kumbura yana ɓarewa falle-falle. Wannan kumburin shi ya fi damuna, domin tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, kuma duk inda ka ga ta tura kanta waje haka, to ta daɗe tana aiki a ɓoye.

Mutane da yawa suna ganin ƙasarmu busasshiya ce, mota ba za ta ruɓe ba. Gaskiya ne damina a nan gajeruwa ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma lakar da taya ke watsawa tana shiga ta ramukan shasi ta kwanta a ciki, ta riƙe danshi makonni bayan waje ya bushe. Sai kuma kayan da muke ɗauka. Motar da ta yi shekaru tana ɗauko kanwa da gishiri daga Gidimuni da ƙasar Manga, ko buhunan takin zamani, ko dabbobi ranar kasuwa suna fitsari a cikin bodi, duk wannan yana zurarewa ta tsakanin ƙarafa ya sauka a kan shasi, kuma gishiri idan ya haɗu da danshi yana gaggauta tsatsa ƙwarai. Idan kuma motar tana cikin waɗanda aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano daga Turai, to da ciwonta ta zo, domin can gishiri suke zubawa a kan hanya lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara.

Kafin komai, ka ɗaga motar yadda ba za ta faɗo maka ba. Kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan kirik, wato abin ɗaga mota, kaɗai, kuma kada ka ɗora ta a kan bulon siminti, domin yana tsagewa farat ɗaya ba tare da alama ba. Ka nemi guntayen itace masu kauri ko ƙafafun ƙarfe, ka shimfiɗa katako a ƙasa idan tsakar gidan yashi ne, ka tokare tayoyin da suka rage a ƙasa. Idan za ka sami mutum huɗu ko biyar su taya ka, ku kwance bodin baya ku sauke shi gefe, domin ƙusoshi kaɗan ne ke riƙe da shi, kuma saman shasin da bodi ya rufe nan ne ɓarna ta fi yawa.

Daga nan sai wanki. Na san halin ƙarancin ruwa a garin nan, saboda haka ka fara kai motar wurin mai faci ya hura iska a cikin ramukan shasin tun ƙasar tana busasshiya, za ka yi mamakin yawan jan turɓaya da ɓarɓashin tsatsa da za su fito. Bayan haka ruwa kaɗan zai wadatar, ka zura tiyo ta rami ɗaya har ruwan ya fito fari ta ɗayan, sannan ka bar shi kwana biyu ko uku ya bushe sarai.

Yanzu ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi shasin taku-taku, tun daga gaba har baya, ciki da waje, sama da ƙasa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsabta, guduma tana dawowa hannunka, ruɓaɓɓe kuwa ƙararsa a dushe take, wani lokaci ma ka ji ɓarɓashi na zuba a ciki. Duk inda ka yi shakka, ka danna bakin sukundireba da ƙarfi, idan ya lotsa ko ya huda, ka zagaye wurin da alli. Ka ba da lokaci sosai a marataya lam na gaba da na baya, da inda amortisa, wato abin rage girgizar mota, ke kamawa, da ƙarafan da suka gilma tsakanin ɓangarorin shasin biyu, da saman inda safaya ke rataye, da bayan tankin mai inda hannu ba ya kai wa. Kaurin ƙarfen shasin irin waɗannan motoci yakan kai milimita 3 zuwa 4, kuma a ganina duk inda tsatsa ta ci kusan rabin wannan kaurin, wurin na yankewa ne, ba na gogewa ba. Abu ɗaya da zan roƙe ka: ka nemo inda aka buga lambar shasi ka rufe ta, kada injin gurza ya bi ta kanta, domin ita jandarma da ma'aikatan duwan, wato kwastan, ke gwadawa da takardun mota, kuma lambar da aka taɓa tana jawo zargin da fita daga cikinsa ke da wuya.

Idan gudumar ta nuna tsatsar ta sama ce kawai, to aikinka ne kai kaɗai. Idan kuwa akwai huda, sai ka kira mai walda wanda ya saba da shasi, ba mai ƙera ƙofa da taga ba, kuma ka tsaya a kansa. Kafin a kunna wuta, a cire kan batir, a sauke tankin mai a kai shi nesa, ko da gazuwal ne, wato dizal, domin tururin da ke cikin tanki idan ya yi zafi yana fashewa. A kwance ƙananan bututun burki da na mai da wayoyin da ke bin jikin shasin a janye su gefe, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda dab da wurin aiki. A tokare shasin gaba da bayan wurin da za a yanka, a auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu a rubuta, domin a sake aunawa bayan an gama. Shasin da ya karkace ko da kaɗan ne zai riƙa cin taya gefe ɗaya, motar tana jan hannu a kan hanya.

Yankan ya wuce ruɓaɓɓen wurin har ya shiga ƙarfe mai haske, kuma facin ya zama sabon ƙarfe mai kauri daidai da na shasin. Ba a faci da bayan ganga ko guntun kwano, kuma ba a cike huda da mastik, wato ƙullin da masu gyaran bodi ke cike lotsa da shi. Nan ne nake son ka lura da kyau: kada a ja walda miƙe daga sama zuwa ƙasa ta ratsa shasin, domin shasi yana lanƙwasa yana miƙewa a duk ramin da mota ta faɗa, kuma layi miƙaƙƙe irin wannan gefensa ne tsaga ke bi. A yi yankan a karkace, sannan a ɗora wani ƙarfen ƙarfafawa a kai wanda ya zarce facin ta kowane gefe, bakinsa biyu masu tsini ko masu zagaye, ba masu kusurwa ba. Sandar walda ta milimita 2.5 ko 3.2 ta isa, idan an sami mai lamba 7018 busasshiya ta fi 6013 da aka saba da ita dacewa da wurin da ke ɗaukar nauyi. A riƙa yi kaɗan-kaɗan ana canza wuri ana bari yana hucewa da kansa, kada a zuba masa ruwa don sauri, domin sanyin gaggawa yana sa ƙarfen gefen walda ya yi tauri ya zama mai saurin karyewa.

Akwai inda ba zan ba ka shawarar faci ba ko kaɗan. Idan ruɓewar ta kai inda akwatin sitiyari ke ɗaure, ko ta zagaye shasin duka a wuri ɗaya, ko tana nan da can a tsawon ɓangare guda, to ka nemi wani ɓangaren shasin mai lafiya a wurin masu kwance motoci a sauya. Motar da za ta ɗauki buhuna da mutane a hanyar Gure, rayuka ne a kanta.

Bayan walda sai gogewa. Burushin ƙarfe a kan injin gurza ya fi sauri, na hannu kuma ya shiga lunguna. Ka sa tabarau ka rufe hanci da baki, domin tsohon jan fenti yakan ƙunshi dalma, kuma ka hana yara zama a wurin, ka share ƙurar ka kwashe. Ka goge maiƙo da tsumma da sinadarin tsinka fenti, sannan idan ka sami ruwan nan mai asid ɗin fosforik da ke mayar da ragowar tsatsa baƙa, ka shafa ka bi abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. A ranar da ƙarfe ya fito fili a ranar za a shafa antiruy, wato fentin hana tsatsa, shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu, sannan baƙin fenti a kai. Ka yi shafin da safe a inuwa, domin a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 fenti yana bushewa a sama cikinsa ɗanye, ranar da iskar hunturu ta taso kuma ƙura za ta manne masa. Kwalta da wasu ke shafawa ban yarda da ita ba, tana tsagewa da zafi, ruwa ya shiga ƙarƙashinta ya zauna ba wanda ya gani.

Cikin shasin shi ne mafi yawan mutane ke bari, alhali daga nan ciwon ya faro. Fenti ba ya kai wa can, mai ne ke kai wa. Na san al'adarmu ita ce baƙin man da aka juye daga inji, kuma ba zan ce ba ya hana tsatsa ba, amma yana ɗauke da dattin ƙonewa, yana lalata robobi, yana kuma ɗiga a tsakar gida inda yara da dabbobi suke. Sabon man giya mai kauri da aka dama da ɗan giris ya fi shi kama jiki. Ka ɗumama shi a rana ya saki, ka zura siririn tiyo ta kowane rami ka fesa kana jan tiyon a hankali, har ka ga man yana tsattsafowa ta haɗin ƙarafa, ka kiyaye kada ya taɓa burki. Ƙananan ramukan da ke ƙasan shasin kuma ka bar su a buɗe, ta nan ruwa ke fita.

Wannan fesa man za ka maimaita shi kowace shekara kafin ruwan farko, ka kuma wanke ƙarƙashin motar idan damina ta ɗauke. Ranar da za ka ɗauki kanwa ko taki, ka shimfiɗa tamfol a cikin bodi, ka share ka wanke shi da zarar an sauke kaya. Idan ka gama bin shasin da guduma, ka turo hotunan wuraren da ka zagaye da alli, musamman marataya lam ɗin baya ta ɓangaren ciki, sai in gaya maka wanda zai yi faci da wanda sai an sauya. Allah ya sa albarka a motar. Wassalamu alaikum.