Na dawo gida bayan shekara tara: in yo odar kaya ko in nemi aiki?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Shekara tara na yi a ƙasar waje ina aiki a wani kamfanin sarin kayan lantarki. Da dako na fara, na koma mai kula da sito, daga baya aka ɗora ni a kan lissafin kayan da ke shiga da fita. Kafin in tafi ma ina da ɗan ƙaramin shago. Wata biyar ke nan da dawowata, har yanzu ban kama komai ba, kuma ɗan abin da na tara kullum raguwa yake. 'Yan'uwa na zuwa da buƙatu, abokai na cewa in kawo kuɗi mu juya. An taɓa yi min tayin aiki, amma da na lissafa albashin da kuɗin can sai na ga bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da nake karɓa ba, na ƙi. Yanzu ina tunanin in tattara abin da ya rage in yo odar kwantena guda na kayan da na sani, in kama babban shago. Mece ce shawararka?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Barka da dawowa, ɗan'uwa, Allah ya sa an dawo a sa'a.

Shawarata ita ce kada ka yo odar nan yanzu. Ka koma ka nemi aikin da ka ƙi, ko makamancinsa, ka riƙe shi ko da na shekara ɗaya ne, kasuwancin kuma ka fara shi da kaɗan a gefe. Na san ba wannan kake son ji ba, don haka bari in faɗa maka dalili.

Kayan lantarki ka san su, ba na ja da kai. Abin da ba ka sani ba yanzu shi ne kasuwar da ka dawo ka tarar. Cikin shekara tara, wasu daga manyan dillalan da ka bari sun karye, yaran shagonsu sun zama iyayen gida. Masu saye sun koyi duba farashi a waya kafin su tako shago, ciniki da yawa ya koma WhatsApp, biyan kuɗi ya koma turawa ta banki. Wa ke biya a kan lokaci, wa ke cin bashi ya sauya hanya, wane kaya ke tafiya, wane ke kwantai, duk wannan sai wanda ke cikin kasuwar kullum ya san shi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kai kuwa ba ka gama sauraron sabon kiɗan ba tukuna.

Kafin komai, yau da dare ka ɗauki takarda da biro. Ka rubuta abin da ka dawo da shi, ka cire abin da ya rage a hannunka, ka raba bambancin gida biyar. Abin da kake kashewa ke nan a wata, na gaskiya, har da kyauta da ramce da kuɗin zirga-zirga. Sai ka raba abin da ya rage da wannan adadin. Lambar da ta fito ita ce yawan watannin da kake da su kafin aljihu ya bushe. Wani da ya dawo kamar kai ya taɓa zama a gabana muka yi wannan lissafi tare. Ya shigo yana cewa kuɗinsa za su riƙe shi shekara uku ko bai yi komai ba. Da muka gama sai ga wata goma sha huɗu. Ya ajiye biron, ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon takardar bai ce uffan ba. Daga ranar ya daina karɓar shawarar kowa da baki sai an rubuta masa lissafinta.

Kuma ka sani ko ba ka taɓa kuɗin ba, hauhawar farashi na cin su. Akwai wani lissafi mai sauƙi da masu harkar kuɗi ke yi: ka raba 72 da yawan hauhawar farashi na shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da darajar kuɗinka za ta yi kafin ta koma rabi. In hauhawar kashi 24 cikin ɗari ce, shekara uku ke nan. Saboda haka idan har yanzu wani ɓangare na ajiyarka yana cikin kuɗin waje, kuma dokar ƙasarka ta yarda da asusun kuɗin waje, kada ka canza shi gaba ɗaya a rana guda. Ka riƙa canza abin da kake buƙata, ta hannun banki ko ɗan canji mai lasisi.

Yanzu ga kwantenar. Kuɗin kaya shi ne abin da kowa ke lissafawa, amma bayansa akwai kuɗin jirgi, inshora, kuɗin fito, ladan wanda zai fitar maka da kayan daga hannun kwastam, da motar da za ta kawo su. Idan takarda ɗaya ta sami matsala kayan suka wuce kwanakin da aka ba ka kyauta a tashar ruwa, kuɗin ajiya zai riƙa hawa kullum. Ga hayar babban shago da galibi ake biya tun kafin a sayar da ko allura. Duk wannan daga uwar kuɗi zai fita. Ranar da kayan suka iso kuma, ba ka da kuɗin juyawa, ba ka da na cefane, dole ka fara karya farashi don ka sami abin kashewa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda ya zuba komai a kaya kuwa ba shi da ruwan ciki.

Akwai kuma abin da ya shafi kayan da kansu. Na taɓa shiga siton wani da ya dawo da irin wannan buri. Kwalaye ne jibge har rufi. Ya jawo guda, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya juya na'urar ya nuna min ƙaramin rubutun da ke bayanta: 120V. Irin wutar Amurka da Kanada ke nan, alhali yawancin ƙasashen Afirka da Turai 220 zuwa 240 suke amfani da shi. 'Yan farkon da ya sayar duk sun ƙone, masu su suka dawo masa da su. Kai ka yi aiki a wannan fanni, ƙila ba za ka faɗa wannan ramin ba, amma akwai 'yan'uwansa: bakin filogi, kayan gyara da ba a samu a kusa, garantin da ba ya aiki a wajen ƙasar da aka sayi kayan, da kuma kaya mai kyau wanda ya fi ƙarfin aljihun masu saye.

Wannan na ƙarshen shi ya fi kayar da waɗanda suka dawo. Idonka ya saba da kaya mai inganci, sai ka ɗauka kowa zai biya kuɗinsa. Ka duba wannan: kayan da ke ba ka riba kashi 40 amma sai ya shekara kafin ya ƙare, da wanda ke ba ka kashi 10 amma yana ƙarewa duk wata, wanne ya fi? Na biyun ya juya kuɗinka sau goma sha biyu, ya tara maka kashi 120 a shekara. Ɗan kasuwa da saurin juyawa yake rayuwa. Sannan idan kana sayo kaya da kuɗin waje kana sayarwa da na gida, farashinka ya riƙa bin abin da za ka biya in za ka sake sayo su yau. Mutane da yawa sun sayar da kaya kaf suna murnar riba, da suka je canji sai kuɗin suka kasa sayo rabin abin da suka sayar.

Don haka ka ware kuɗin riƙe gida na shekara guda, kada ka bari su haɗu da na kasuwa ko a asusu ɗaya. A cikin abin da ya saura, ka fara gwaji da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ka zaɓi kaya iri biyu ko uku, ka sara a hannun manyan dillalan da ke kusa, ko ka yi ƙaramar oda a haɗa maka cikin kwantenar wasu. Ka sayar, ka rubuta kwana nawa kowanne ya yi kafin ya fita. Bashi kuwa ka yi taka-tsantsan da shi: in ribarka 10 ce a cikin kowane 100, mutum ɗaya da ya ci maka 100 sai ka yi ciniki tara irin nasa kafin uwar kuɗinka ta dawo.

Maganar albashi kuma, kuskuren da ka yi shi ne auna shi da kuɗin can. Albashin can da hayar can da tsadar can ya zo, ga kuɗin takardun zama da tikitin jirgi. Abin tambaya shi ne, wannan albashin zai ɗauke kashi nawa na abin da kake kashewa a wata a nan? In ya ɗauke rabi, watanninka sun ninka. Idan kuma aikin a fannin da ka sani ne, to biyanka ake yi kana koyon kasuwar: za ka ga farashin sari na gaskiya, ka san dillalai da direbobi da masu fitar da kaya, ka gane abokan cinikin da ke cika alkawari. Wannan ilimi in ka ce da jarinka za ka saye shi, zai yi maka tsada ƙwarai. Sai dai ka riƙe amana, kada ka janye wa ubangidanka abokan ciniki kana cikin cin albashinsa. In za ka yi naka a gefe, ka faɗa masa tun farko.

Wajen neman aikin, kada ka tsaya ga tura takarda ta intanet kawai. A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa mutane sun fi jin labarin aiki daga waɗanda suke gani jefi-jefi, fiye da aminansu na kusa, domin na kusa abin da ka sani shi suka sani. Ka nemi tsofaffin abokan makaranta, maƙwabtan shagonka na da, da waɗanda kuka zauna tare a can suka riga ka dawowa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Kuma ka faɗi abin da kake nema a fili: aikin kula da sito ko lissafin kaya. Wanda ya ce "ko mene ne zan yi" ba ya zama a ran kowa. A takardar neman aikin ka sa adadi: girman siton da ka kula da shi, mutum nawa ke ƙarƙashinka, wace manhajar kwamfuta ka yi lissafi da ita. Mai ɗaukar aiki yana tsoron abu biyu game da wanda ya dawo daga waje, wato zai raina albashi, kuma da ya sami hanya zai koma. Ka kawar masa da wannan tsoron da bakinka kafin ya tambaya. Idan ka fara aikin kuma, ka rage cewa "a can ba haka ake yi ba". Ko gaskiya ce, ba ta shiga kunne sai bayan an ga aikinka.

Akwai abubuwan da ka baro can da ya kamata ka bi tun yanzu. Ka rubuta wa tsohon manajanka ya ba ka wasiƙar shaidar aiki tun yana tune da kai. Ka bincika ko akwai kuɗin sallama, fansho ko rarar haraji da ba ka karɓa ba, domin wasu suna da wa'adi. Idan kana da asusu a bankin can, ka kula da layin wayar da aka haɗa shi da shi, don in layin ya mutu lambar sirrin shiga ba za ta iso ka ba. In kuma ka sami wata takardar shaidar horo a can, ka tambayi yadda ake tantance ta. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 hatimi guda suke bugawa, wanda ake kira apostil, sauran kuwa sai an bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci.

Sai 'yan'uwa, kuma a nan ina tausaya maka da su duka. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 masu aiki a waje sun aika kimanin dala biliyan 656 zuwa ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu. Kai ma shekara tara kana cikin masu aikawa, gidaje sun saba da saƙonka, wasu ma a kansa suka ɗora kuɗin makarantar yara. Yanzu famfon ya tsaya, amma su ba su sani ba, domin a idonsu wanda ya dawo daga waje da buhu ya dawo. Ka tara manyan gida ka faɗa musu gaskiya: albashi ya yanke, abin da ke hannunka jari ne, ga abin da za ka iya bayarwa duk wata, kuma ba za ka wuce shi ba sai da lalurar rashin lafiya. Za a ji zafi na ɗan lokaci. Ya fi a wayi gari jarin ya ƙare, kai ma ka shiga layin masu nema.

Abokan da ke cewa ka kawo kuɗi ku juya, ka tambayi kowannensu nawa shi zai sa, kuma ya nuna maka littafin cinikinsa na wata shida. Wanda ya ji haushin tambayar ya riga ya ba ka amsa. Wanda kuka daidaita da shi, ku rubuta komai a gaban shaidu: wa ya kawo nawa, yaya za a raba riba, wa zai ɗauki faɗuwa, yaya za a rabu in an tashi rabuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu kunya a ciki ko da ɗan'uwanka ne na jini.

Wata biyar ba tare da aiki ba yana sa mutum ya ji kamar baƙo a gidansu, har ya fara tunanin ko dawowar kuskure ce. Wannan ƙuncin ne ke tura mutane su yi babban abu da gaggawa don a ga sun yi. Ka sama wa kanka wurin zuwa kowace safiya, ko zama ne a shagon wani amini kana taya shi ciniki kana sauraron masu saye. Idan ka fitar da lissafin watannin nan, ka sake rubuto min da lambar, da kaya ukun da kake son gwadawa, sai mu duba tare nawa ya kamata sarin farko ya ci.