Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan halin da ƙaninta yake ciki

'Yar'uwa, kin ce ƙaninki ya kusa wata uku yana kulle kansa a ɗaki, barci ya ƙaurace masa, abinci sai an matsa masa, wurin aiki ma ya daina zuwa, kuma kina so ki san ko ciwo ne ko kuwa hali ne da zai wuce da kansa. Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon damuwa, ko da yake likitan da ya zauna da shi ne kaɗai zai tabbatar.

Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne mako biyu: idan mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin ƙuncin zuciya, ko ya daina jin daɗin abin da a da yake so, har abin ya taɓa aikinsa da hulɗarsa da jama'a, to an wuce batun ɓacin rai na yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo, don haka kada kowa ya ce masa lalaci ne ko raunin zuciya.

Kafin komai, ki keɓe da shi ki tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya, ko yana tunanin kashe kansa. Na san tambayar tana da nauyi a baki, amma ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, kuma na sha ganin marasa lafiya sun sami sauƙi don kawai an yarda a saurare su. Idan ya ce e, ko ya riga ya tsara yadda zai yi, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da makamai daga inda yake, a kai shi asibiti a ranar.

A asibiti za a iya yi masa gwajin jini, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato wata halitta da ke gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki, kan zo da kasala irin wannan. Ki gaya wa likita idan ya taɓa yin kwanaki ba ya barci amma ƙarfi na cinsa, yana surutu ba tsayawa, yana kashe kuɗi ba lissafi, saboda wannan wata lalura ce dabam, kuma maganinta dabam ne.

Inda na fi ganin iyalai suna tuntuɓe shi ne wajen shan magani. Magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da sertraline ba sa aiki nan take. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, kuma a kwanakin farko ana iya jin tashin zuciya ko ciwon kai, sai mara lafiya ya ce ba su karɓe shi ba ya ajiye. Wasu kuma da zarar sun ji sauƙi sai su daina, alhali ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware, sannan a rage a hankali bisa umarnin likita. Idan bai kai shekara 25 ba, ku ƙara sa masa ido a makonnin farko, domin a wannan lokacin tunanin cutar da kai kan ƙaru ga wasu matasa. Kuma don Allah kada ku sayo masa diazepam da kanku saboda rashin barci, jiki yana saurin sabawa da shi.

Zama da masanin halayyar ɗan'adam, inda ake koya wa mutum gane munanan tunanin da ke danne shi da yadda zai sauya su, magani ne mai zaman kansa, kuma haɗa shi da ƙwayoyi ya fi amfani idan ciwon ya yi tsanani. Ki raka shi ganin likita na farko, ki tafi da takardar da kika rubuta lokacin da abin ya fara da duk wani magani da yake sha, domin mai wannan ciwo sau da yawa yakan ce lafiyarsa lau idan aka tambaye shi.