Tambaya da Amsa: Shin lambar NIN ce alamar dabbar nan?

TAMBAYA: Baba Fasto, barka da aiki. Mahaifiyata ta ƙi yin rajistar NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, har an rufe mata layin waya. Wani mai wa'azi ne ya ce musu ita ce alamar dabbar da ke Ru'ya ta Yohanna sura 13, tunda an rubuta ba mai saye ko sayarwa sai da ita. Mun yi lallashi har mun gaji. Me zan ce mata?
Daga wata 'yar'uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: 'Yata, ki gaishe min da Mama, kuma kada ki bari a yi mata dariya a gida. Tsoron Allah ne ya hana ta, abin da ya rage shi ne a karanta surar tare da ita daga farko har ƙarshe.

Yohanna ya rubuta littafin ne yana tsare a tsibirin Batmos, zuwa ga ikilisiyoyi bakwai na Asiya, yammacin Turkiyya ta yau. Yawancin masana sun ce a ƙarshen mulkin Kaisar Domishiyan, sarkin Roma, ne, wanda ya mutu a shekara ta 96. A biranen nan akwai haikalin da ake bauta wa Kaisar. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma, Filini, ya rubuta wa Sarki Tarajan yadda yake gwada waɗanda aka kawo ƙararsu: a ajiye siffar sarki, a miƙa wa mutum turare da ruwan inabi ya yi hadaya, sannan ya zagi Almasihu. Wanda ya yi, a sallame shi. Wanda ya kafe, a kashe shi. Wannan ne irin halin da masu karatun Yohanna na farko suke fuskanta.

Shi ya sa surar take ta nanata sujada, a aya ta 4, ta 8, ta 12 da ta 15. A 14:9 ma an haɗa karɓar alamar da yi wa dabbar sujada. Ba a ɗora wa mutum ita yana barci, ko yana kan layi a ofis. Da saninsa yake musun Ubangijinsa.

Ita kuwa 666, lambar dabbar da aka ambata a aya ta 18, masana da yawa sun lura cewa in an rubuta sunan Kaisar Nero da haruffan Ibraniyanci aka haɗa lissafinsu, 666 ke fitowa. Shi ne ya karkashe Kirista bayan gobarar Roma ta shekara ta 64. Tun daga nan an liƙa wa Napoleon lambar, an liƙa wa Hitler, har Ronald Reagan na Amurka, don kowane ɗaya cikin sunayensa uku harafi shida ne. Lokacin da BVN, lambar tantance masu asusun banki, ta fito a 2014 ma mun sha jin irin wannan shaci-faɗi, kuma abin yana damuna, domin tsofaffinmu ne ke shan wahalarsa.

Ni ina cikin masu gaskata cewa akwai wani mai mulki da zai zo ya ɗaukaka kansa kamar Allah, yadda 2 Tasalonika sura 2 ta faɗa. Amma Daniyel ya nuna mana inda iyakar take. Shadrak, Meshak da Abednego ma'aikatan gwamnatin Babila ne, sun yi wa Nebukadnezzar aiki da aminci. Ranar da aka ce su durƙusa wa gunkin zinariya ne suka ce a'a, ko da za a jefa su cikin wuta.

Ki buɗe wa Mama Luka sura 2. Kaisar Augustas, wanda bai san Allah ba, ya ba da umarni a ƙirga mutane. Yusufu ya ɗauki Maryamu da tsohon ciki suka tafi Baitalami don a rubuta sunansu, a can kuma aka haifi Mai Ceto. Sai ki tambaye ta a hankali ko akwai wanda aka ce ya musunci Yesu kafin a ɗauki hoton yatsunsa. In har hankalinta bai kwanta ba, ku je wurin fastonta tare, kafin ki raka ta wurin rajistar.