Valgrind na ƙorafi a kan laburaren sirri, in cire layin?

Tambaya: Malam, ina cikin masu gyaran wani laburaren sirranta bayanai (tarin kod da wasu manhajoji ke amfani da shi) wanda kod ɗinsa ke buɗe ga kowa. Valgrind, manhajar da ke gano kurakuran amfani da memori, na ƙorafin cewa sashen da ke samar da lambobin da ba a iya hasashe yana karanta memorin da ba a zuba komai a ciki ba. Da na cire layin kod ɗin da ke wannan karatun, ƙorafin ya ɓace, gwaje-gwaje kuma duk sun wuce lafiya. In tura gyaran?

Amsa: Dakata tukuna, ɗan'uwa. Irin wannan gyaran ne ya jefa Debian, wani nau'in babbar manhajar kwamfuta ta Linux, cikin matsala. A shekarar 2006, saboda ƙorafin Valgrind, aka kashe layuka biyu a fayil ɗin md_rand.c na OpenSSL, laburaren sirranta bayanai da Debian ke rabawa. Cire ɗayan bai cutar da komai ba, amma ɗayan shi ne ƙofar da duk bayanan da ake gaurayawa don samar da lambobin da ba a iya hasashe ke shigowa. Da aka toshe ta, sai makullin sirri, wanda da waɗannan lambobin ake ƙera shi, ya dogara kusan kacokan a kan lambar da Linux ke bai wa shirin da ke gudana, wadda ba ta wuce 32,768 ba. Ke nan ɓarawo zai iya ƙera makullan gaba ɗaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya bankaɗo ɓarnar, aka shiga sauya makullan SSH (na shiga wata kwamfuta daga nesa) a Debian da Ubuntu, nau'in Linux da aka gina a kan Debian.

Wucewar gwaje-gwajenka kada ta ruɗe ka. Gwajin hanyoyin lissafin sirri irin su AES ko SHA-256 yana da amsa sananniya da za a kwatanta. Injin lambobi kuwa ko ya lalace, abin da yake fitarwa a ido lafiya lau yake.

Fara da bin sawun duk wuraren da ke kiran layin, ka ga me kowanne ke shigowa da shi. In memorin banza ne kawai ake ƙarawa, zuba masa sifili kafin amfani, ko ka rubuta wa Valgrind fayil ɗin da zai sa ya kau da kai. A ganina ma bai kamata laburare ya riƙa tattara lambobinsa da kansa ba, tunda Linux na da getrandom, hanyar neman irin waɗannan lambobin daga gare shi, tun sigar 3.17 a 2014.

Sannan ka kai gyaran ga ainihin masu laburaren, ka nuna musu layukan da ka taɓa dalla-dalla, kar ka tura sai wanda ya san sashen ya duba.