Ciki, Jego da Haƙori: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Cikina wata huɗu. Duk sanda na goge baki sai in tofar da jini, ga ƙamshin man goge bakin yana tayar min da zuciya. Na ga wani mai tsada, an rubuta na ganye ne zalla, babu fuloraid. In saya? Yayata kuma ta ce in haƙura, jariri ne ke zuƙe haƙoran uwa.

Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Jariri ba ya taɓa haƙoranki. Kalsiyam da yake buƙata daga abincinki yake samu, in ya gaza sai jiki ya ɗebo daga ƙashi. Jinin da kike gani daga dasashi ne: sinadaran ciki, musamman furojesteron, suna sa shi kumbura da ɗan dattin da a da bai dame shi ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kashi 60 zuwa 75 cikin ɗari na masu juna biyu suna fama da haka. Abin da nake tsoro shi ne ki ga jini ki daina gogewa, don a nan ne abin ke ƙaruwa.

Wannan mai tsadar, bar shi a kanta. Juya bayan kwali ki nemi fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, 1,350 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawansa ke nan). Mai araha da ke da shi ya fi mai tsadar da babu. In ƙamshi ne matsalar, canza zuwa marar ƙarfi, ki sayi buroshi mai laushi mai ƙaramin kai, don babba ne ke taɓo maƙogwaro ya jawo yunƙurin amai. Sau biyu a rana, ki tofar, kada ki bi da ruwa.

In laulayi ya sa ki amai, kada ki ruga ki ɗauki buroshi. Tsamin ciki ya riga ya tausasa bayan haƙori, gogewa nan take kankare shi take yi. Kurkure baki da ruwa, ko ruwa kofi ɗaya da ƙaramin cokali na bekin soda, ki jira kamar minti 30.

Tambaya: Maiɗakina na da ciki wata shida, turmin haƙorinta ya yi rami, ba ta barci. Ina sayo mata ibufurofen. Mu jira ta sauka kafin mu ga likita?

Malam, a dakatar da ibufurofen yau ɗin nan. Daga mako 20 zuwa sama yana iya taɓa ƙodar jariri ya rage ruwan da yake kwance a ciki. Farasitamol ne aka fi amincewa da shi, shi ma don a samu a kai ga likita ne. Kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka. Irin su tetrasaikilin suna rina haƙoran jariri tun yana ciki.

Kuma kada ku jira. Ciko, cirewa, allurar kashe zafi ta lidokain, har hoton haƙori, duk ana yi wa mai ciki. Haƙorin da ya yi ruwa ya fi su haɗari. Ta gaya wa likita watannin cikin, ta kuma ɗan karkata hagu a kujera don kada jiri ya ɗebe ta. In fuska ta kumbura ko zazzaɓi ya shigo, ranar za a je.

Tambaya: Ina jego, jaririyata wata uku. Yaushe zan saya mata buroshi?

Barka da arziki. Sai haƙorin farko ya leƙo, yawanci wajen wata shida. Ki ɗan shafa man fuloraid kamar ƙwayar shinkafa. Kafin nan tsumma mai tsabta da ruwa ya isa ki share mata dasashi. Kada ki lashi cokalinta, don ta yawu ƙwayoyin da ke cin haƙori suke ƙaura daga bakin uwa zuwa na ɗa. Ke ma in kin ɗage wani gyara saboda ciki, je ki yi yanzu, shayarwa ba ta hana.